Ɗana na neman zalabiyar filin Maulidi, tawa kuma sai shan mai

Assalamu alaikum Anti. Ni Bahaushiyar Omdurman ta ƙasar Sudan ce, can aka haife ni, can na yi aure. Da yaƙi ya ɓarke muka gudo da yara uku, yanzu muna Makka a gidan yayan mijina. Ɗaki ɗaya aka ware mana, kicin kuma muna haɗawa da facalata. Babban ɗana shekararsa 9. Tun zuwanmu ya zama shiru-shiru, ba ya neman komai a wajena sai abu ɗaya, zalabiya, soyayyen ƙullun fulawa mai kama da fanke, irin wadda babansa yake saya masa a filin Maulidi. Na gwada har na gaji. Wani lokaci ta sha mai ta yi nauyi, wani lokaci bayanta ya ƙone cikinta ɗanye, in ta huce kuma sai ta yi ta jan haƙori. Yaron zai gutsura ya ajiye ya ce ba ita ba ce. Facalata ta ce ɓarnar mai da gas kawai nake yi, ga lugaimat, irin zalabiyar mutanen nan, a shago. Mun saya, ya ce ta yi tauri kuma zaƙinta ya yi yawa. Maigida ya ce in bar maganar kada a ji kanmu da mutanen da suka rufa mana asiri. Anti, in haƙura ne, ko akwai yadda zan yi? Har na fara tunanin in na iya sosai in riƙa sayarwa, in rage wa maigida nauyi.

Wata uwa, daga Makka

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ƙara haƙuri, ya mayar muku da mafi alherin abin da kuka baro.

Kada ki bar maganar nan. Yaron da ya rabu da gidansu da makarantarsa da abokan wasansa, ya zo ya zauna bai ce keke ba, bai ce waya ba, sai zalabiya, to ya roƙi abin da ke cikin ikon uwarsa. Kuma matsalolin nan uku da kika lissafa, shan mai da ɗanyen ciki da taurin bayan hucewa, duk sanannu ne ga mai suya, kowacce da dalilinta, kowacce da maganinta.

Da farko ki gaskata yaronki a kan ta shago. Lugaimat ɗin da ake yi a nan ƙanana ce, zagayayyu, ana soya ta har ta bushe, wasu ma sau biyu suke soyawa, sannan a tsoma ta a ruwan sukari ko a kwarara mata dibis, wato zumar dabino, a barbaɗa riɗi. Tana da daɗinta, ni ma ina son ta lokacin buɗa baki. Amma wadda ya saba da ita ta fi girma, ba ta da siffa ɗaya, ɓawonta siriri ne, cikinta laushi da ramuka, sukari kawai ake barbaɗa mata a sha da shayin madara. Harshen yaro ba ya mantuwa da irin wannan bambanci.

Na taɓa tsayawa a filin Khalifa na Omdurman, gefen Ƙubbar Mahdi, a kwanakin Maulidi. Kin fi ni sanin wurin: tantunan ɗariƙu a jere, Ƙadiriyya da Tijjaniyya da Sammaniyya da Khatmiyya, kowa da tutarsa da zikirinsa, ganguna na tashi, ga rumfunan alawa an tara simsimiyya ta riɗi da fuliyya ta gyaɗa, ga 'yar tsanar sukari da ake kira amaryar Maulidi ga 'yan mata, ga dokin sukari ga 'yan maza, tun shigowar Rabi'ul Awwal har daren 12 ga wata. A bakin filin kuma mata masu suya. Na daɗe ina kallon hannun ɗaya daga cikinsu. Ƙullunta yana cikin babbar roba a gefen ƙafarta, ya tashi ya yi idanu, in ta ɗebo sai ya biyo hannunta yana miƙewa. Kaskonta faffaɗa ne mai zurfi, mai ya kai rabinsa, garwashi a ƙasa jawur. Tana jefawa tana juyawa da matsami, tana kwashewa tana zubawa a takarda, mai saye yana tsaye yana hura hannu. Babu ƙwaya ɗaya da ta yi minti biyar a ajiye. Duk sirrin yana cikin abin da na gani ɗin nan: ƙullu mai ruwa-ruwa da aka ba lokaci, mai mai yawa a kan wuta mai tsayawa, da kuma ci nan take. A gida mukan taɓa duka ukun. Mu kwaɓa da tauri don ya yi sauƙin kamawa, mu yi tattalin mai, sannan mu rufe a kula mu jira kowa ya hallara.

Bari mu fara da ƙullu. Ki samu farar fulawa ta yau da kullum, kada ki ɗauko wadda ake kira burr a nan, ita ce ta alkama da dusarta, tana nauyaya abu. Ga ma'aunin da zai ishi gidanku da na facalarki: fulawa giram 500, wato kusan kofi 4 na awo. Busasshen yis ƙaramin cokali 2. Sukari babban cokali 1. Gishiri ƙaramin cokali 1, a shafe. Garin sitaci na masara, wanda masu shago ke kira nasha, babban cokali 2. Ruwa mililita 420 zuwa 450, wato kofi 2 ya gaza kaɗan. In kina da kindirmo ko yogot marar zaƙi ki ƙara babban cokali 2, yana kawo laushi da ɗan tsami mai daɗi.

Ki lura da sukarin nan, cokali ɗaya tak na ce. Ina kyautata zaton nan ne ɗanyen ciki yake samo asali a wajenki. Sukari shi ne abin da ke fara yin ja a cikin mai. In kika zuba rabin kofi a ƙullu kamar yadda wasu ke yi wa fanke, bayan zai yi duhu cikin minti ɗaya, ki ɗauka ta soyu, ki kwashe, ciki kuwa bai ji wuta ba. Zaƙin zalabiya daga waje yake zuwa, bayan an kwashe.

Ruwan kwaɓi ma akwai magana, musamman a Makka. Lokacin zafi ruwan famfo yana saukowa daga tankin saman gida da zafinsa, wani lokaci har hannu ba ya jurewa. Yis abu ne mai rai, yana jin daɗin ɗumi kamar digiri 30 zuwa 38, in zafi ya kusa digiri 60 kuwa mutuwa yake yi. Ki yi amfani da ruwan sha na jarka wanda ya zauna a ɗaki, ki ɗiga a bayan hannunki, in ba ki ji sanyi ba kuma ba ki ji zafi ba, ya yi. In kina shakkar yis ɗin, ko an daɗe da buɗe ledarsa, ki jiƙa shi da sukarin a rabin kofin ruwa ki jira minti 10. In ya yi kumfa yana da rai. In ya kwanta shiru ki zubar, kada ki yi asarar fulawarki.

Ki haɗa busassun kayan, ki zuba ruwa kaɗan-kaɗan kina juyawa da hannu har gudaji su watse. Kaurin da ake nema yana tsakanin ƙullun waina da kwaɓin burodi: ba ya zuba daga ludayi da kansa, kuma ba ya dunƙuluwa a tafin hannu. Daga nan sai bugu, kuma nan ne yawancin mata suke gajartawa. Ki buɗe yatsunki, ki ɗebo ƙullun daga ƙasa ki ɗaga ki maka shi a jikin robar, ki yi ta yi minti 6 zuwa 8. Hannu zai gaji, ki canza ɗayan. Bugun nan shi ke tayar da danƙon alkama, danƙon kuma shi ke riƙe iskar da yis ke fitarwa. In babu shi iskar sai ta fice, zalabiya ta fito a cushe, mai ya sami ƙofar shiga. Za ki gane ya bugu in kika ɗaga hannu ya miƙe ya biyo ki kamar taƙi guda kafin ya tsinke, fuskarsa ta yi santsi tana sheƙi.

Ki rufe da murfi ko leda ki ajiye inda iskar na'urar sanyaya ɗaki ba ta bugawa. Kada ki bi agogo, ki bi ƙullun. A kicin mai ɗumi minti 45 na iya isa, a ɗaki mai sanyi ya kai awa ɗaya da rabi. Abin da za ki duba shi ne ya ninka girmansa, samansa ya yi ƙananan idanu. Sai ki sa hannu ki buga shi sau biyu ko uku ya sauka, ki sake rufewa minti 20. Wannan tashi na biyu yana daidaita ramukan ciki. Amma kada ki manta da shi a zafin Makka da ke haura digiri 40. Ƙullun da ya wuce lokacinsa yakan tashi ya faɗa da kansa, ya saki ruwa, warinsa ya yi kaifi. Irin wannan danƙonsa ya riga ya mutu, kuma shi ne sarkin shan mai.

Akwai wani ɗanɗano da ta filin Maulidi take da shi wanda ƙullun gaggawa ba ya bayarwa, ɗan tsami ne a can ƙasan harshe. Dalilinsa shi ne mai sana'a takan kwaɓa tun da wuri ƙullun ya daɗe yana aiki, wasu kuma suna haɗawa da ragowar na jiya. In kina son ki kusanci wannan, ki rage yis ya koma ƙaramin cokali 1, ki kwaɓa da dare, ki bar shi minti 30 a waje, sannan ki sa a firji a rufe cikin roba mai fili don zai tashi. Washegari ki fitar awa ɗaya kafin suya ya saki sanyi. Ni wannan hanyar na fi so, ga ɗanɗano, ga shi kuma tana rage miki zama a kicin ɗin da ba ke kaɗai ke da shi ba.

Yanzu mai, wanda shi ne abin rigimar.

Abin zai ba ki mamaki, amma mai kaɗan ya fi sa zalabiya shan mai. In man bai da zurfi, da kin jefa ƙullu sai zafinsa ya faɗi, ƙullun ya kwanta a gindin kasko yana jiƙa kafin ɓawo ya kama. In man yana da zurfi kuma da zafi, ruwan da ke cikin ƙullun nan take yake zama tururi yana turowa waje, ɓawo ya rufe cikin daƙiƙoƙi, mai ya rasa hanya. Kumfar da kike gani tana zagaye abin suya, tururin nan ne ke fita. Ba sai kin sayi galan ba. Ki bar faffaɗan kaskon nan, ki nemi ƙaramar tukunya mai kaurin gindi, faɗinta santimita 16 zuwa 18. Lita ɗaya a cikinta za ta ba ki zurfin santimita 4 zuwa 5, ya isa zalabiya ta yi iyo ta juya. Sharaɗi shi ne man kada ya wuce rabin tukunyar.

Wane irin mai? A Sudan man gyaɗa aka fi soyawa da shi, a nan kuwa gidaje sun fi amfani da na masara da na furen rana, waɗanda ba su da ƙamshi. Ina jin rabin abin da hancin yaronki ke nema yana nan. Ki duba shagunan 'yan Sudan da na mutanenmu, akan samu man gyaɗa. In ɗanyen matsa ne mai ƙamshi sosai, yana saurin kumfa da hayaƙi, sai ki haɗa kashi ɗaya nasa da kashi uku na man da kuka saba. Kafin ki shigo da shi gidan ki tambayi facalarki ko cikin 'ya'yanta akwai wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, don wannan ba abin wasa ba ne.

Zafin da ake so digiri 170 zuwa 180 ne. In da ma'aunin zafin girki, madalla, ba shi da tsada. In babu, ki ɗora man a matsakaiciyar wuta kamar minti 6, ki jefa ɗan ƙullu kamar ƙwayar wake. In ya nutse ya zauna a ƙasa, man bai yi ba. In ya taso nan take ya yi ja kafin ki ɗauko matsami, ya wuce, ki rage wuta ki jira. In ya nutse ya taso cikin daƙiƙa biyu ko uku yana 'yar kumfa yana fari, shi ke nan. Man da ya fara hayaƙi ya riga ya wuce iyaka.

Wajen jefawa, ki ajiye ɗan mai a kofi kusa da ke. Ki damƙo ƙullu da hannun hagu, ki matse ya ɓullo ta tsakanin babban yatsa da manuni, ki tsoma cokali a man kofin ki yanko ki saki dab da fuskar man, kada ki jefo daga sama. Wasu da ruwa suke jiƙa cokali, ni ba na so, ɗigo ɗaya ya isa ya sa mai tsalle a fuska. Girman kowacce kada ya wuce goro babba, don za ta kumbura. Guda 5 ko 6 a lokaci ɗaya sun isa wannan tukunyar. Na san zuciya takan so a cika a gama da wuri, amma kowane ƙullu da ya shiga yana ɗauke zafin man, in suka yi yawa kin koma gidan jiya. Da sun taso ki fara juya su da matsami, ki yi ta motsa su kina ɗan danna su ƙasa, har minti 3 zuwa 4, su yi ruwan zuma ko'ina. Ta farko da kika kwashe ki fasa ta ki duba. In cikin yana manne wa yatsa, ki rage wuta kaɗan ki ƙara lokaci, ko ki rage girma. Tsakanin zubi da zubi ki ba man kamar rabin minti ya dawo da zafinsa, ki tsame ɓurɓushin da ke yawo, su ne ke ƙonewa su baƙanta mai.

Sai abin da ke sa ta jan haƙori. Zalabiya in ta fito tana ci gaba da fitar da tururi. In kika tara ta a kwano kika rufe, ko kika zuba a leda ko kula, tururin zai koma cikin ɓawon ya jiƙa shi, in ta huce sai ta yi danƙo. Ki kwashe a kwandon ƙarfe da faranti a ƙarƙashi, kada ki ɗora wata kan wata, ki ba ta minti ɗaya ta tsane, ki barbaɗa sukarin da kika niƙa ya yi laushi tun tana da zafi don ya kama. Daga nan sai baki. Shayin ya riga ya dahu, yara sun riga sun zauna, kafin ƙullu na farko ya shiga mai. Shayin madara mai kauri irin na can kin fi ni iya shi, ba sai na faɗa ba.

Kalma biyu a kan wuta, don kicin ɗin gidan bene ƙarami ne ga yara. Tukunyar ta zauna a kan murhun baya, mariƙinta ya kalli bango, ƙananan yara su tsaya bakin ƙofa. Kada ki bar mai a wuta ki tafi amsa waya. In Allah ya kiyaye ya kama, ki kashe gas ki rufe da murfin ƙarfe ki bar shi a rufe, kada ki ɗaga tukunyar, kada ki kusanto da ruwa ko kaɗan, don ruwa in ya faɗa tafasasshen mai yana zama tururi mai ninkin girmansa kusan sau 1,700, ya watsa wutar har rufi. Lambar 'yan kwana-kwana a Saudiyya 998 ce, a yankin Makka kuma 911 tana aiki. In mai ya fallatsa wa wani, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi yana zuba minti 20. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da ƙanƙara.

Mu dawo kan facalarki. Zo mu zauna, zo mu saɓa, haka zaman tare yake ko da babu yaƙi a bayansa. Ina so ki duba ta nata ɓangaren. Mace ce da ta buɗe gidanta ga mutum biyar, kicin ɗinta ya zama na biyu, cefanenta ya ƙaru, tana kallon kwalbar mai tana sauka a kan abin da ake gutsura a ajiye. Maganarta ta yi zafi, amma akwai gaskiya a ciki. Don haka ki cire abin rigimar daga tsakaninku. Ki roƙi maigida kuɗin lita ɗaya ta mai da fulawa kilo ɗaya, su zama naki na wannan aikin kaɗai. In kin gama suya ki bar man ya huce sarai, ki tace da rariya mai laushi ko tsumma mai tsabta, ki mayar kwalbarsa ki rufe ki ajiye inda rana ba ta taɓawa. Zai yi miki suya uku ko huɗu in ba ki bari ya yi hayaƙi ba. Ranar da ya yi duhu, ko ya fara kumfa mai yawa, ko warinsa ya canza, ki zuba a kwalba ki jefa a shara, kada ki tuttula a wurin wanke-wanke ya toshe musu bututu. Ki sa alama a jikin kwalbar kafin suya da bayanta. Ke da kanki za ki ga abin da ya tafi kaɗan ne in zafin ya yi daidai, kuma in magana ta sake tasowa kina da abin nunawa ba tare da musu ba.

Sannan ki same ta ku biyu, lokacin da babu yara babu maza, ki gaya mata dalili. Ki ce, Yaya, yaron nan tun da muka zo ba ya magana, wannan ne kaɗai abin da ya buɗe baki ya nema, ki taimake ni. Ki tambaye ta wace rana da wane lokaci kicin ya fi zama babu aiki, ki ɗauki rana ɗaya a mako, ki buɗe taga, ki kunna fankar jan hayaƙi, ki goge murhu da bango kafin ki fita. Wadda aka nemi izininta daban take da wadda ta shigo ta tarar. Faranti na farko kuma ya tafi wajenta da maigidanta. In 'ya'yanta sun fi son irin ta nan, ƙullun ɗaya ne: ki yanka rabi ƙanana, ki bar su a mai su ƙara bushewa, ki ba ta ta zuba dibis da hannunta yadda ta saba.

Maigida kuma ki fahimce shi. Namijin da ya bar gidansa ya koma ƙarƙashin rufin yayansa, ko motsin cokali yana jin nauyinsa. Ki nuna masa tsarin da kika yi da facalarki ya kwantar da hankali, sannan ki ba shi aiki a ciki. Kin ce babansa ne yake saya masa a filin Maulidi. To ranar suya ki naɗe farar takarda mai tsabta, ban da jarida saboda tawada, ki zuba guda biyar da sukarinsu, ki miƙa wa uban, shi ya miƙa wa ɗansa. In da hali su fita da ita ƙofar gida bayan magariba su ci a tsaye, su ɗan taka. A nan ƙasar ba a kafa filin Maulidi irin na can, kada a yi wa yaro alkawarin za a kai shi. Amma hannun da ya saba karɓa daga gare shi yana nan tare da ku, alhamdu lillahi, yara da yawa na Omdurman ba su da wannan a yau.

Duk da haka yana iya gutsurawa ya ce ba ita ba ce. In ya faɗa, kada ranki ya ɓaci, kada kuma wani ya ce masa ya cika tsirfa. Ki zauna kusa da shi ki tambaye shi, ta can yaya take, ta fi girma ne, wa ke sayarwa, kusa da wane tanti, da wa da wa kuke tafiya. Ki bar shi ya ba ki labari komai tsawonsa, ko da labarin ya bar zalabiya ya koma kan abokinsa ko ɗakinsa ko ranar da kuka fito. Yaƙin nan ya fara ne ran 15 ga Afrilu 2023, cikin azumi, saura kwanaki kaɗan salla, yara suna jiran sababbin kaya. Abin da suka ji da abin da suka gani a kwanakin nan da yawa har yanzu ba su faɗa wa kowa ba. Ruwa ba ya tsami banza. In ya tambayi yaushe za ku koma, ki gaya masa gaskiya cewa ba ki san rana ba, kuna addu'a. Kuma ki sa ido: in yana firgita cikin barci, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ƙarar ƙofa da wasan wuta na sa shi ɓuya, ko cin abincinsa ya ragu yana ramewa, wannan ya wuce aikin kicin, ku kai shi wajen likitan yara ku faɗi duk abin da ya faru ba tare da kunya ba. Akwai masu aikin kula da irin waɗannan yara, kuma ana samun sauƙi.

Ki kuma jawo shi cikin aikin. Ɗan shekara 9 zai iya buga ƙullu, zai iya leƙa roba ya gaya miki ko ya tashi, zai iya barbaɗa sukari. Shi zai zama alƙalin ɗanɗano, kowane mako ya ce a ƙara kaza a rage kaza, ke kuma ki canza abu ɗaya kacal a kowace suya don ki san abin da ya yi aiki.

Maganar sayarwa ki jingine ta tukuna. A Saudiyya sana'ar abinci tana buƙatar izini, baƙo kuma ba ya yin kasuwanci sai yadda takardar zamansa ta ba shi dama, laifin kuma ba ke kaɗai zai shafa ba, har da mai gidan da ya sauke ku. In lokaci ya yi, maigida da yayansa su bincika abin da doka ta halatta muku kafin riyal ɗaya ya shiga hannunki. A yanzu abin da ke gabanki tukunya ɗaya ce da rana ɗaya a mako. Ki kwaɓa daren Alhamis, ki soya Juma'a bayan la'asar in facalarki ta amince da lokacin, sannan ki rubuto min yadda ta farko ta kasance da kika fasa ta, mu gyara abin da ya rage.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya kawo zaman lafiya a Sudan.